Duwatsu Uku a Bayan Rumbu

Salamu alaikum mutanen zauren nan. Na san na ɓace muku, ku yi mani afuwa. Masu turo mani saƙo suna cewa "Haula, ko an ɗaura ne ba gayyata?", Allah ya shirye ku, ba a ɗaura komai ba. Yanzun nan da nake danna salular nan ma ban san ko akwai sauran abin ɗaurawa ba. Ina zaune bakin gadon Inna, ƙafafuna duk toka. Bari in faro muku daga tushe, don na ga akwai sababbin fuskoki.

Ni ce Haula, ɗiyar Malam Mahamadu tela, nan Dakoro. Kimiyyar Fizik nake koyarwa a wani kolej na cikin gari. Mai nemana kuma Yazidu, likitan dabbobi ne, aikinshi na Tagriss, danginshi makiyaya ne a Azagor. Kar wata ta fara tausaya mani, ba wanda ya matsa mani. Ni na gani na ce ina so, har Inna ta ce ban da ta ido.

To, wata ƙungiyar masu nazarin sararin sama da ke Yamai ta ba wasu malaman lakwal, wato na makaranta, aron madubin hangen rana, ni ma rabona ya rantse. Wani farin bututu ne, bai fi tsawon hannuna ba, yana zaune kan ƙafafu uku. A bakinshi akwai baƙin gilashi mai tare zafin rana, a gindinshi kamara, ita ke aika hoto cikin ordinate, wato kwamfuta, don ba a sa wa rana ido sai in mutum ya gaji da idonshi. Akwai kuma ɗan inji da ke juya shi sannu a hankali yana bin rana duk inda ta nufa. Inna "bindigarki" take ce mishi.

Shugabar ƙungiyar, Madam Rahamatu, ta gaya mana sharaɗi tun farko. Rana tana da wasu baƙaƙen tabo a fuskarta, suna fitowa suna ɓacewa. Duk wanda ya turo bidiyon tabon nan mai tsawo, ba yankewa, rana na zaune tsakiyar hoto ba ta zame ba kuma ba ta rawa, shi za a tura staj, wato koyon aiki, na shekara guda a wani gidan binciken rana a ƙasar waje. Gurbi ɗaya ne tak. Ƴan uwa, ba zan ɓoye muku ba, ina son gurbin nan kamar raina. Tun ina ƴar lise, a sakandare, nake mafarkinshi, tun ban san yana da suna ba. Yazidu ya sani, shi ya ce a ɗaura in tafi in dawo. Danginshi dai abin da suka sani kawai, malamar lakwal ce.

Bidiyon farko da na tura, ina ta washe baki ina jiran yabo, sai ga bokal ɗin Madam, saƙon murya:

"Haula, wannan ranar taki kalangu aka sa mata? Rawa fa take. Ga shi kuma kafin a je ko'ina ta sulale ta bar hoton. Ciwo biyu gare ki, zamewa da rawa. Ki nemo maganinsu."

Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Maganin zamewa shi ya fi cin raina. Ashe injin ba ya iya bin rana daidai sai in sandar da madubin ke juyawa a kanta ta fuskanci arewa sak. Ba irin arewar da ake nuna wa baƙo da haɓa ba, arewa ta gaskiya. In ka kuskure ko da kaurin tsinke ne, rana za ta riƙa zare jiki har ta fice. Na gwada abin nuna alƙibla na salula, maƙaryaci ne, kullum da arewar da yake ba ni. Tauraron arewa kuma itacen bedin maƙwabtanmu ya rufe shi ruf. Sai na koma wa inuwa. Na kafa sanda a miƙe a bayan rumbunmu, inda Baba ya ba ni fili, na zana da'ira kewaye da ita. Da safe in jira kan inuwar ya taɓa da'irar in sa alama, da yamma in jira ya sake taɓa ta. Tsakiyar alamomin biyu, nan arewa take. Faɗi da baki ba wuya. Iska ta karkatar da sandar, akuya ta taka zanen, gajimare ya zo daidai lokacin da nake jira. Na yi ta maimaitawa har wuyana ya yi baƙi ƙirin.

Da na samu layin, sai na samo duwatsu uku masu faɗin kai. Na haƙa rami na binne kowanne har wuya, na cika da laka, in zuba ruwa in daddaɓe, gobe in sake, har suka zauna daram kamar da su aka halicci gidan. Na sassaƙa ɗan gurbi a kan kowane dutse, inda ƙafar madubin za ta zauna. Shi ke nan, ko na shigar da shi ɗaki, gobe in na fito ƙafafun nan uku gurbinsu suke komawa, rana kuma ta zauna mani tsakiyar hoto kamar an ɗaure ta.

Saura rawa. Na kafa zana ta tare iska, ta ragu. Na lura da zarar ƙasa ta ɗau zafi hoton sai ya riƙa wani lilo kamar ana kallon abu ta saman wuta, na koma yin aikin da sanyin safiya kawai. Amma akwai wata rawar da ta ƙi tafiya, tana zuwa tana ɗaukewa. Wata safiya ina tsugune na zuba wa allon ido, sai na ji kaina na kaɗawa tare da hoton. Dum. Dum. Dum. Na ɗaga kai. Inna ce ke surfe a tsakar gida!

Na ruga. "Inna, don Allah ɗan dakata."

"In dakata da mi?"

"Turminki ke girgiza mani rana."

Ta ajiye taɓarya ta riƙe haɓa. "Yau na ga ikon Allah. Ni da turmina nan ƙasa, rana na can sama, ni ag girgiza ta?"

Sai da na jawo ta ta gani da idonta, na sa ta buga ƙafa, hoton ya yi tsalle. Ta yi salati ta ja da baya. Daga ranar ta mai da dakanta bayan hantsi, tana yi tana mita wai ta haifi mai hana ta fura da wuri. Allah ya bar mani Inna.

Ana cikin haka wani ƙaton tabo ya fito. Madam ta ce kowa shi zai ɗauka, don a auna aikinmu da mudu ɗaya, kuma ranar da ya zagaya bayan rana an rufe karɓa. Ita ma rana juyawa take, kullum tabon na matsawa baki-baki. Ga damina ta kawo kai, safiya bayan safiya gari na wayewa da gajimare. Kullum in fito in ɗaga kai in koma ɗaki.

Ana wata ga wata, sai ga saƙon Yazidu:

"Malamar rana, albishirinki."

"Goro. In dai ba ce mani za ka yi ka kori gajimare ba, riƙe abinka."

"Su Hajiya Aisata za su zo gaisuwa jibi. Da azahar in sha Allah."

Hajiya Aisata ita ce yayar babanshi, ita ta raine shi tun yana ƙarami. A gidansu in ta ce ruwa, ba mai cewa nono. Ya sha gaya mani ko babanshi ba ya ɗaga ido a gabanta.

"Jibi? Yazidu, jibin nan ne fa ƙarshen tabona."

"Da safe kike naki, su da azahar. Ina ruwan biri da gada? Ki dai sa shaddar nan mai ruwan bula. Ki kuma rage surutu."

"Ni ce mai surutu?"

"A'a, ni ne."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Washegari da sassafe kabu-kabu ya sauke mana Gwaggo Dela daga garin Mai Yara, ƙanwar Baba, da ƙullin kayanta da ƙaton bakinta. Kowane gida akwai irinta, kun san su. Ita ce uwar biki ko ba a naɗa ta ba. Ko zama ba ta yi ba ta kamo haɓata ta juya fuskata dama da hagu.

"Innalillahi! Mahamadu, mi kunka yi wa ɗiyar nan? Gawayi kuka saidawa? Wanga wuya, wanga goshi, haka za a nuna ta ga mutanen Azagor?"

"Gwaggo, gaisuwa ce fa kawai, ba biki ba."

"Ruhe mani baki. Idon hwarko shi ne ido. Daga yanzu har baƙi su tahi, in kinka taka tsakar gida da rana sai na saɓa maki."

Na dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Na leƙa sama, gajimare ya rufe ko'ina, dama yau ba aiki. Na ce a raina bari in bi ta a sannu, gobe da safe na san dabarar da zan yi.

Ta tura ni ƙuryar ɗaki, ta kwaɓa kurkum da dilka ta mulke ni tun daga goshi har tafin ƙafa, ta ƙunsa mani lalle, ta ɗaure ƙafafun da leda da tsumma. Ta kunna turaren wuta ta tura mani ƙarƙashin zane, ta ja ƙofa. Na zauna kamar kifin banda, ga madubina a jingine a lungu cikin zanen da nake rufe shi da shi, ni da shi muna kallon juna. Inna ta tafi kasuwa cefane, Baba na shago. Gidan ya rage sai Gwaggo da matan maƙwabta biyu da ta kirawo aikin soye-soye.

Can wajen azahar na ji ƙanshin albasa cikin mai. Ban kawo komai ba. Sai na lura hayaƙin ba ta wajen madafa yake shigowa ba, ta ƴar tagar baya yake shigowa. Tagar da ke kallon rumbu.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Da ledar da tsumman da komai na fita ina tsantsi.

Ƙatuwar tukunyar biki ce zaune a kan wuta, nama na tafasa. A ƙarƙashinta duwatsuna ne. Duwatsuna uku! An tone su, an jawo su kusa da juna, wuta na lasarsu sun yi baƙi. Ga ramukansu nan a buɗe, an watsa toka da ɓawon albasa a ciki. Zanar da na kafa an kwantar da ita ana shanya tattasai.

"Gwaggo!" Muryata ko ni ban gane ta ba. "Gwaggo, me kika yi?"

Ta juyo da ludayi a hannu. "Ke! Wa ya ce ki hito?"

"Duwatsuna ne! Na madubina ne!"

"Wane madubi? Murhu na gani. Sai dai ban san sakaran da ya kahwa murhu da hwaɗi haka ba, ko tukunyar gidan sarki ba ta hawa. Sai da munka sha wuya kahin su hito, kamar an dasa su da asiri."

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Wallahi har taɓarya munka sa."

Ku gaya mani, me zan ce? Duwatsu uku a tsakar gidan Bahaushe, an jera su kusurwa uku, wace mace ce za ta gani ba ta ce murhu ba? Ni da kaina da a gidan wasu na gani abin da zan ce ke nan. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to ni Gwaggo ce ta dafa mani nawa. Na durƙushe nan cikin toka na fashe da kuka, kurkum na bin hawaye yana ɗiga a zanena.

"A'a, ji mani ɗiya! Kan dutsi kike kuka? Gobe in sa a kawo maki amalanke guda."

Da Inna ta dawo ta gani, sai ta saki kwandon cefanen ta dafe ƙirji, don ita ta san abin da duwatsun nan suka ci. Amma Gwaggo dangin miji ce, Inna ba ta da bakin magana. Ta dai zo ta kama ni ta mai da ni ɗaki, tana cewa a hankali, "Yi shiru, yi shiru, Allah na nan."

Sai bayan la'asar aka sauke tukunya. Baba ya dawo, Inna ta raɗa mishi. Ya tuɓe babbar riga, ya ɗauko bokiti ya riƙa kwara wa duwatsun ruwa suna cuu, har suka huce. Ɗaya ya tsage gida biyu, amma gurbin na nan a ɓari ɗaya. Muka kwashe tokar, muka mai da kowane dutse raminshi yadda na iya tunawa. Sai dai ramukan sun yi faɗi, ƙasar ta zama gari. Na taka dutse ɗaya na ji ya ɗan nutsa. Aikin da sai an yi kwana da kwanaki ana ba shi ruwa yana bushewa, ba ya yiwuwa da yammaci ɗaya. Layin inuwar kuwa ƙafafun masu girki sun share shi tas.

Gwaggo na tsaye daga nesa ta riƙe ƙugu. "Yaya, kai ma biye mata za ka yi? Gobe baƙi za su zo. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya."

Baba ya ce, "Na ji, Dela." Ya ci gaba da daddaɓe ƙasa da ƙafarshi.

Na tura wa Madam bokal ina shessheƙa. Ta amso nan take: "Ki daina kuka ki saurare ni. Ba ki da lokacin inuwa. Gobe ki ɗora shi, ki kunna injin, ki kalli inda rana ke zamewa. Ki ɗan matsa sandar madubin, ki jira, ki sake kallo. Haka za ki yi ta yi har ta zauna. Amma tunda ƙasar ba ta kama ba, ko kaza kar ta wuce kusa. In hoton ya yi tsalle sau ɗaya, daga farko za ki sake. Tabon na bakin ƙarshe, Haula. Goben nan ce kawai."

Yau da asuba ina sallame salla na leƙa. Sama fes! Sai dai can ƙasa-ƙasa ta gabas akwai wani baƙin layi da ban so ganinshi ba. Gwaggo ta riga ta shimfiɗa mani shaddar a kan gado, da gyale, da sarƙar Inna ta azurfa, da takalmin da ke matse mani ɗan yatsa. Na ce mata zan shiga wanka. Na ɗau bokiti na zagaya, na dawo ta baya na sunkuci madubin da ordinate. Tsohon zanen gida ne a jikina da wata rigar lakwal da ta koɗe, na kifa malfar Baba a kai. Kuran kuma, wutar lantarki, tun jiya aka ɗauke, abin da ke cikin batiri shi ne dukiyata.

Na ɗora ƙafafun a gurbinsu ina bismilla. Rana ta fito a allo, ga tabon can a gefe kamar ƙuda a bakin ƙwarya. Na kunna inji. Ba a jima ba ta fara zamewa sama. Na matsa sandar kaɗan, na jira. Ta koma zamewa ƙasa, na yi yawa ke nan. Na mayar rabi, na jira. Zufa na bin bayana, bakina ba abin da yake sai "Ya Allah, Ya Allah." A karo na ban san nawa ba, ta zauna. Na ƙura ido, ba ta motsa ba. Na danna ɗauka, na zauna dirshan a ƙasa na naɗe ƙafa, ko numfashi da dabara nake yi.

Bidiyon ya kai rabin tsawon da ake so sai na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Na ji sallamar mata, na ji Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Salulata da ke kan cinyata ta yi haske:

"Mun iso. Hajiya ta ce a yi sammako kar ruwa ya tare mu a hanya. Ina waje cikin mota. Kin shirya ko?"

Gaba kura, baya sayaki. Baƙin layin nan na gabas ya zama hadari sosai, yana hawowa yana neman rana. Batiri ya koma ja. In na tashi yanzu, motsina kaɗai ya isa ya ɓata komai, kuma babu sauran lokacin sakewa. Ina jin Gwaggo tana buga ƙofar banɗaki tana kiran sunana ƙasa-ƙasa, irin kiran da ke cewa in na kama ki kin shiga uku. Na yi lamo.

Kaɗan ya rage. Wallahi kaɗan.

Sai na ga gefen ranar ya fara ɓari. Taku ne, mai nauyi, da ƙarar sanda, yana tahowa ta lungun rumbu. Hanyar kewayen baya ta nan take, dab da dutsen da ya tsage. Ban juya ba, ban yi tunani ba, na ɗaga hannu na daka tsawa irin wadda nake yi wa ƴan aji:

"Tsaya! Tsaya nan, kar ki ƙara taku ɗaya!"

Takun ya tsaya cak. Hoton ya lafa.

Sannan na juya wuyana a hankali. Doguwar tsohuwa ce, baƙin lulluɓi mai sheƙi har ya rina mata goshi, awarwaron azurfa a hannu, sanda a dama, buta a hagu. Ba sai an gaya mani ba, na sha ganin hotonta a salular Yazidu. Hajiya Aisata ce, ta zagayo kama ruwa bayan doguwar tafiya.

Ƴan uwa, na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya kamata in yi kowa ya sani: in jefar da malfar nan, in ja zane in rufe kai, in zube a gabanta in gaishe ta. Na dubi allo, na dube ta. Ban tashi ba.

"Hajiya," na ce, "don girman Allah. Kaɗan ya rage."

Ta dube ni tun daga malfa har ƙafafuna masu lalle da toka, ta dubi bututun, ta sake dubana.

Sai ga su Gwaggo sun ɓullo a bayanta, da Inna, da sauran baƙin mata cikin kwalliya. Gwaggo ta kwatsa salati ta yunƙuro za ta yi kaina. Hajiya ta miƙa sandarta ta tare mata hanya, ko juyawa ba ta yi ba.

"An ce a tsaya," in ji ta.

Ba wanda ya ƙara motsi. Tsohuwar nan, da tsufanta da gajiyar hanya da butarta a hannu, tana tsaye cikin rana saboda ni na ce ta tsaya. Inna ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na motsi. Ni kuma idona na kan allo, hawaye na zuba ban isa in share ba. Ban taɓa jin tsawon lokaci irin wannan ba, kuma ban taɓa jin kunya irin wannan ba.

Bidiyon ya cika. Na danna tsayawa. Ko ɗaga hannu ban gama yi ba hadarin ya haɗiye ranar, iska mai sanyi ta taso.

Na rarrafa na zube a gabanta. "Ina kwana Hajiya. An zo lafiya? Ki gafarce ni."

Ba ta amsa gaisuwar ba. Ta ce, "Kin gama?"

"Na gama, Hajiya."

"To, ni ma na gama."

Ta ajiye butar a ƙasa, ko kewayen ba ta shiga ba, ta juya. Gwaggo na biye da ita tana rantse-rantse, wai aljanun boko ne, wai ba halina ba ne, a zauna ko ruwa a sha. Ina nan durƙushe na ji ana fitar da ƙwaryar goron da suka shigo da ita. Na ji tashin mota. Naman da aka dafa a kan duwatsuna ko buɗe shi ba a yi ba.

Na tura bidiyon, don ban san abin da zan yi da hannuna ba in ban tura ba. Madam ta amso da rubutu: "Ko gezau bai yi ba. A cikin waɗanda suka shigo babu kamarshi. Yaya kika yi?"

Ɗazun nan saƙon Yazidu ya shigo, babu "malamar rana", babu komai:

"Muna bakin tasha. Hajiya ta ce in tsaya in tambaye ki abu ɗaya kafin mu fita gari. Ta ce ta san da kika yi tsawa ba ki ga ko wace ce ba. Ta ce da kin san ita ce tun farko, za ki tsayar da ita? Haula, ki yi tunani kafin ki amsa. Don Allah."

Gwaggo ta fizge salular ta sa aka karanta mata, ta dawo ta cusa mani a hannu. "Rubuta a'a! Ki ce wallahi da kin sani ba ki yi. Kalma ɗaya ce, ɗiyar nan, ki rubuta mota ta juyo!" Inna ido kawai ta zuba mani, jajaye.

Na rubuta "A'a." Na zauna ina kallonshi. Ina son Yazidu, Allah ya sani, ina son shi har cikin ƙashina. Amma matar nan ta ga na juyo na gane ta, ta kuma ga ban tashi ba. Ta san amsar kafin ta aiko. Na goge.

Na rubuta: "Zan tsayar da ita, Yazidu. Sai dai da na fara da sallama." Na tura.

Ya karanta. Ga alama nan yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ruwa ya sauko yanzu, yana dukan kwanon ɗakin Inna, ni kuma ina riƙe da salula da hannu biyu, har yanzu bai turo komai ba.